Filin Mata: Rigimar Wurin Ajiye Mota A Unguwannin Amurka

 

Yau zancenmu zai ƙetare teku. Galibinmu in aka ce Amurka, abin da ke faɗo mana a rai shi ne dogayen benaye da manyan tituna da motoci ba iyaka. To, motoci kam akwai su, har sun yi yawa. Cikin ko wane gida goma, tara suna da mota, kuma fiye da gida ɗaya cikin biyar yana da uku ko fiye da haka. Amma mota ba tsuntsuwa ba ce, balle ta kwana a kan reshe. Tilas a sama mata wurin kwana a ƙasa. Wannan 'yar magana kuwa, watau inda mota za ta kwana, ta raba maƙwabta masu yawa a can, ta kai waɗansu gaban alƙali, ta cinye wa waɗansu dukiya, har akwai inda aka yi asarar rayuka ana fakewa da ita. Na ga ya dace mu duba ta, domin 'ya'yanmu da ƙannenmu suna tafiya can karatu ko zaman aure, kuma ko a nan Abuja da sauran manyan garuruwanmu an fara gina unguwanni masu ƙofa ɗaya da kwamiti da kuɗin wata.

Kafin ki gane kan rigimar, 'yar'uwa, sai kin san irin unguwar da a ke yinta. A can wani kamfani ne ya kan sayi makeken fili a bayan gari, ya yanka shi, ya gina gidaje ɗari biyu ko ɗari biyar kusan iri ɗaya, kamar an buga su da hatimi guda. Tun bai sayar da ko ɗaya ba, sai ya rubuta sharuɗɗan zama a unguwar, ya kai ofishin rajistar filaye, a liƙa su da takardar ko wane gida. Duk wanda ya sayi gida a nan ya zama ɗan ƙungiyar masu gidaje ke nan, ko ya so ko ya ƙi. Su kan taƙaita sunan ƙungiyar da haruffa uku, HOA. Ba a fita daga cikinta sai in an sayar da gidan, wanda ya saya kuma ya gaji sharuɗɗan kamar yadda ya gaji ƙofa da tagogi. Ko wane gida yana biyan kuɗin ƙungiya, da shi a ke gyaran titi da fitilu da lambatu da yankan ciyawa. Masu gidajen su kan zaɓi kwamiti daga cikinsu, mutum uku ko biyar ko bakwai, galibi ba a biyansu ko kwabo. Kada ki ɗauka irin mai unguwa ne, dattijon da ya san kakan kowa. A'a, maƙwabciyarki ce ta gida na huɗu, wadda jiya kuka haɗu a kanti, yau kuwa tana da ikon ta sa a ci ki tara.

Rubuta wa mazauna unguwa sharuɗɗa ya daɗe a ƙasar. Bayan yaƙin Hitila, tsakanin 1947 da 1951, kamfanin su William Levitt ya gina gidaje fiye da 17,000 a gonakin dankali kusa da birnin Niyok, domin sojojin da suka komo gida, aka sa wa garin suna Levittown. Cikin sharuɗɗansa akwai cewa ba a yin shinge, a riƙa yanke ciyawa ko wane mako, kuma kada uwargida ta yi shanya a waje ranakun hutu. Ki ji fa, har shanya! Akwai kuma wani mugun sharaɗi, cewa ba a ba da gida sai ga farar fata. A 1948 babbar kotun ƙasar ta ce alƙalai ba za su ƙara tilasta irin wannan sharaɗi ba, a 1968 kuma aka yi dokar da ta haramta nuna bambancin launi ko addini ko asali wajen sayar da gida ko ba da haya. Ki riƙe wannan a ranki, za mu komo kansa.

Ƙungiyoyin kansu sun yaɗu ne daga baya. A 1970 ba su wuce 10,000 ba, mazaunansu kamar miliyan 2. A 2023 kuwa, in an haɗa da na gidajen bene, sun kai wajen 365,000, da mutane fiye da miliyan 75 a ƙarƙashinsu. Jihohin Kalifoniya da Fulorida su ne kan gaba wajen yawansu. Dalilin yaɗuwar ba ɓoyayye ba ne. Hukumar gari tana son sababbin gidaje domin haraji, amma ba ta son ɗaukar nauyin titunansu. Saboda haka ta kan ce wa mai gini, ka gina titi, ka kafa ƙungiya ta riƙa kula da shi. Shi kuwa mai gini, ko wace ƙafa ɗaya ta ƙasa da ya zuba wa kwalta, ƙasa ce da bai sayar ba. Sai ya matse titin, ya rage wurin baƙi, ya ƙara gidaje. Ya sayar, ya kwashe kuɗinsa, ya tafi. Waɗanda ya bari su ne za su yi shekara talatin suna harara a kan abin da ya rage.

Sa'an nan ga halin gidajen kansu. An gina ko wane gida da gareji na mota ɗaya ko biyu, da ɗan daɓen siminti daga bakin garejin zuwa titi. Bisa lissafin mai gini, motoci za su kwana a ciki, titi ya zauna fayau. Amma mutanen ƙasar akwai tara kaya. Waɗansu masu bincike na jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles sun shiga gidaje 32 suna ƙirga abin da ke ciki, suka buga littafinsu a 2012. Sun tarar cikin ko wane gareji huɗu, uku ba su da wurin mota, akwatuna da tsofaffin kujeru da kayan wasan yara sun cinye su. Watau tsummoki suna kwana a ɗaki, motar dubban daloli tana kwana a waje. Kada mu yi musu dariya da yawa, mu ma mun san abin da ke ƙarƙashin gadajenmu.

Motocin kuma sun ƙara girma. Motar da aka fi saye a Amurka shekara da shekaru ita ce a-kori-kura ta kamfanin Ford, wadda mai ƙofa huɗu daga cikinta ta kan kai ƙafa 19 ko 20 a tsawo, garejin da yawa kuwa zurfinsu bai wuce haka ba. Ga yara suna girma. A yawancin jihohi yaro ko yarinya na iya samun lasin tuƙi tun suna da shekara 16, kuma a bayan gari in ba mota ba makaranta, ba kanti, ba wurin aiki. Gidan da aka shiga da mota biyu da jarirai biyu, bayan shekara goma sha shida ya zama gidan mota huɗu. Ga ɗan da ya gama jami'a ya komo gida saboda tsadar haya, ga kaka da aka ɗauko, ga wanda ya sa 'yan haya uku ko wane da motarsa. Titin dai bai ƙara faɗi ba.

To, ga yadda abin ya kan fara. Kusan ko wane mai gida yana ji a ransa cewa gefen titin da ke ƙofar gidansa nasa ne. Bisa doka kuwa ba nasa ba ne. In titin na gwamnati ne, kowa na iya tsayawa a nan muddin bai saɓa dokar gari ba. In na ƙungiya ne, na dukan masu gidaje ne baki ɗaya. Amma zuciya ba ta karanta doka. Mace ta ɗaga labule da safe ta ga motar yaron maƙwabta a ƙofarta, jiya ma haka, shekaranjiya ma haka. Surukarta ta zo ta rasa wurin tsayawa. Ranar kwasar shara motar ta tare garwar, aka wuce ba a kwashe ba. Ba ta ce kome ba, tana dai haɗiyewa. Ran nan sai ta rubuta 'yar takarda ba suna, ta maƙala a gilashin motar. Yaron ya karanta, ya kai wa uwarsa. Uwar ta dubi gidajen da ke kewaye da ita, ba ta san wanda ya rubuta ba, saboda haka ta zargi kowa. Daga ranar nan gaisuwa ta ragu a layin.

Sai a shiga ɗaukar hoto. Yanzu kowa da waya a hannu, ƙofofi da yawa kuma da kyamara a jiki, dare da rana tana kallon titi. A ɗauki motar, da kwanan wata da lokaci, a aika wa kwamiti. Kwamitin ya aiko da wasiƙar gargaɗi, wadda sau da yawa wani kamfanin da aka ɗauka haya ne ya ke rubuta ta, ba ya faɗin wanda ya kai ƙara. Wadda aka aiko wa ta fusata, ta fita da tata wayar da dare, ta bi layi tana ɗaukar motar kowa, har da ta shugaban kwamiti. Zo mu zauna, zo mu saɓa, an daɗe da faɗi. Amma saɓanin da a ke yi ta wasiƙa ya fi wuyar shiryawa, gama babu fuskar da za a duba a ji kunya.

Sharuɗɗan ajiye mota sun bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Wata ta hana kwana a titi sam, daga tsakar dare zuwa asuba. Wata ta ce wurin baƙi na baƙi ne kaɗai, baƙon ma kada ya wuce kwana biyu ko uku sai da kati. Da yawa sun hana motar sana'a mai rubutu a jiki ko mai tsani a bisa, da kwale-kwale, da motar da ta lalace. Wata har ta hana barin ƙofar gareji a buɗe. Wanda ya saɓa, tara. A Fulorida doka ta ce tarar kada ta wuce dala 100 a laifi guda, amma in laifin ya ci gaba ana iya lissafa ta kullum har ta kai dala 1,000, sai in takardun unguwar sun yarda da fiye da haka. Ba kuwa za a ci mutum tara ba sai an ba shi sanarwar kwana 14, an kuma saurare shi gaban mutum uku waɗanda ba 'yan kwamiti ba ne, ba kuma danginsu ba. In bashi ya taru ya yi yawa, a jihohi da dama ƙungiya na iya ɗaura shi a kan gidan, ya zama ba a sayar da gidan sai an biya.

Abin da ya fi tara ciwo shi ne janwe. Ƙungiyoyi da yawa suna da yarjejeniya da kamfanin jan motoci. Ki kwanta da mota a waje, ki tashi da asuba za ki kai yara makaranta, ki ga wurin wayam. Ki yi zaton ɓarayi ne, ashe tana can wani fili a ƙarshen gari, ba za a sake ta ba sai kin biya kuɗin ja, wanda ya kan kai dala ɗari biyu ko fiye, da kuɗin ko wane kwana da ta yi a wurin. Saboda yawan kuka, Kalifoniya ta sa wa abin ƙa'ida. Ba a jan mota daga unguwa sai in an kafa allo a ko wace mashiga, wanda bai gaza inci 17 da 22 ba, ɗauke da lambar wayar masu jan, ko kuwa an liƙa wa motar takardar gargaɗi an jira awa 96.

In abin ya kai kotu, nan a ke ganin wauta tsirara. Lauyan ƙungiya da kuɗin wata a ke biyansa, watau da kuɗin kowa, har da na wanda a ke ƙara. Mutum ya biya nasa lauya daga aljihun dama, ya biya lauyan abokan shari'arsa daga na hagu. A Fulorida da Kalifoniya kuma wanda ya faɗi shari'a irin wannan shi ya kan ɗauki kuɗin lauyan wanda ya ci. In ƙungiya ce ta faɗi, sai a raba asarar a kan dukan gidaje, har da na tsohuwar da ko mota ba ta da ita.

Majalisun jihohi sun gaji da koke, sun fara rage wa ƙungiyoyin ƙarfi. A Arizona, unguwar da aka yi wa rajista bayan 2014 ba ta da iko a kan titin da ya ke na gwamnati. A 2023 aka ƙara wata doka, aka ce tsofaffin unguwanni su jefa ƙuri'a kafin ƙarshen Yuni 2025, ko su ci gaba da riƙe ikon ko su sake shi. A Fulorida kuwa, daga 1 ga Yuli 2024, ƙungiya ba ta da ikon hana mutum ajiye motarsa ta hawa a daɓen ƙofar garejinsa, ko da a-kori-kura ce, haka kuma motar aikinsa in ba babbar motar kasuwanci ba ce. Wannan doka ta yi mini daɗi. Ina dalili a ce mai gyaran famfo, wanda da motar nan ya ke ciyar da iyalinsa, da ita ya biya kuɗin gidan, ya riƙa ɓoye ta kamar abin kunya domin kada ta ɓata wa maƙwabta gani?

Amma fa kada ki ce duk sharuɗɗan banza ne, ko 'yan kwamiti duk mugaye ne. Ƙa'idar 'yan kwana-kwana da yawancin garuruwan ƙasar ke bi ta ce a bar musu hanya mai faɗin ƙafa 20 ba abin da ya tare. A matsattsen titi, in motoci suka jeru hagu da dama, motar kashe gobara ba ta wucewa, motar asibiti ma haka. Ki tuna da mace mai naƙuda da tsakar dare, maigida ya buɗe gareji ya tarar baƙon wani ya toshe masa hanya. Ki tuna da mai keken guragu da aka hau masa hanyar ƙafa da mota, tilas ya gangara cikin titi. Dokar ƙasar ma tun 1988 ta wajabta wa ƙungiyoyi su sassauta wa naƙasasshe, kamar a keɓe masa wuri kusa da ƙofarsa in ya nema. Yawancin 'yan kwamitin nan kuwa mutane ne da suka karɓi aikin domin kowa ya ƙi, suna shan zagi kyauta.

Abin da na ke ƙi a tsarin shi ne ya sauƙaƙa wa mutum kai ƙarar maƙwabcinsa fiye da gaishe shi. Taku ashirin ne tsakanin ƙofa da ƙofa, amma aika hoto ya fi sauƙi, ba a ganin fuskarki, ba a jin sunanki. Da matar nan ta farko ta taka ta yi sallama, ta ce wa uwar yaron, don Allah ranar kwasar shara ya ɗan matsa gaba, da wataƙila maganar ta mutu a nan. Da kuma ta ji dalili, wataƙila garejin nasu an mai da shi ɗakin kaka marar lafiya. Wa ke ɗaukar zafin wannan gaba? Matan gida da yara. Maigida ya fita tun da safe. Ke ce za ki tsaya da matar can a wurin jiran motar makaranta, kuna kallon gabas da yamma. 'Yarki da 'yarta da su ke aji ɗaya su ne za a hana zuwa gidan juna. Ran da wuta ta kama miki a kicin, ko yaro ya faɗi kina ke kaɗai, ƙofar da ta fi kusa ita ce wadda kika kai ƙara.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan muni, shi ya sa na ce ki riƙe zancen Levittown. An soke sharaɗin launi daga takarda, amma ba a soke shi daga ko wace zuciya ba. Wanda ba ya son ganinki a unguwa ba zai iya faɗin haka a fili ba, doka ta hana. Sai ya zama motar baƙinki kaɗai ya ke gani, ta sauran maƙwabta ba ya ganinta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, dokar ajiye mota kuwa tsaga ce mai faɗi.

A garin Chapel Hill, jihar Karolina ta Arewa, akwai wata unguwar gidajen bene mai ƙungiya, sunanta Finley Forest, inda aka raba wa mazauna wuraren ajiye mota. A nan wani saurayi Musulmi, Deah Barakat, mai shekara 23, ɗalibin likitan haƙori, ya ke zaune da amaryarsa Yusor Abu-Salha, mai shekara 21. A ƙarshen Disamba 2014 aka ɗaura musu aure. Maƙwabcinsu, Craig Hicks, ya yi suna a unguwar wajen faɗa a kan wurin mota da hayaniya, har ya taɓa zuwa ƙofarsu da bindiga a ƙugu. Mahaifin amaryar ya ce ta gaya masa tun kafin abin ya faru cewa mutumin nan ya tsane su ne saboda kamanninsu, gama ita da ƙanwarta suna sa hijabi. Ran 10 ga Fabrairu 2015 ya ƙwanƙwasa musu ƙofa, ya harbe su duka biyu, da ƙanwar amaryar, Razan, mai shekara 19, wadda ta zo ziyara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da fari 'yan sanda suka ce rigimar wurin mota ce. Iyayen yaran suka ce sam, ƙiyayya ce. A watan Yuni 2019 mutumin ya amsa laifinsa, aka yanke masa ɗaurin rai da rai sau uku, ba ranar fita. A kotun aka nuna hoton da wayar Deah ta ɗauka a bakin ƙofa, aka ga saurayin yana magana cikin natsuwa, ba zagi ba tsokana. Bayan shari'ar shugaban 'yan sandan garin ya fito ya ce abin ya wuce zancen mota, ya kuma nuna nadama da ba su faɗi haka ba tun farko. Allah ya ji ƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Na kawo wannan labari ne domin kada wata ta ɗauki shawarata ta yin sallama ta kai ta inda ba ta dace ba. Taka ƙofar maƙwabci magani ne tsakanin mutane masu hankali, kuma su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Amma wanda ya zo miki da makami, ko da barazana, ko ya ke tare ki kullum in maigida ba ya nan, wannan ya fita daga sha'anin maƙwabtaka. Kada ki buɗe masa ƙofa, kada ki tsaya musu da shi. A rubuta ranar da lokacin da abin da ya faɗa, a sanar da kwamiti a rubuce, a sanar da 'yan sanda. In kuma kin ga ke kaɗai a ke bi da doka ana ƙyale sauran, akwai ofishin gwamnati mai karɓar ƙarar nuna bambanci a sha'anin gidaje, bisa dokar nan ta 1968.

Yanzu ke da a ke shirin kai ki can, ko ke 'yar makaranta da wata rana za ki tafi karatu, ga abin da za ki yi tun ba ku sa hannu a takardar gida ba, ko saye ko haya, gama ɗan haya ma sharuɗɗan suna kansa. Ku nemi takardun ƙungiya, ki zauna ki karanta sashen motoci da kanki, kada ki bar wa maigida shi kaɗai, ke ce za ki wuni a gidan. Ki tambaya titin na wa ne, na gwamnati ko na ƙungiya. Ki ƙirga wuraren baƙi da idonki, ki kuma koma unguwar da dare, misalin ƙarfe tara, sa'ad da kowa ya komo, domin titin da ki ka gani fayau da hantsi ba shi ne titin dare ba. In aka ba gidanku wuri mai lamba, ku tabbata lambar tana rubuce a takarda.

Babban abin da zai haɗa ki da su shi ne baƙi. Mu mutane ne masu taro. Suna, walima, buɗe baki da azumi, yawon Salla, gaisuwar mutuwa, ba mai zuwa shi kaɗai, ba kuma mai tambaya ko akwai wuri. Unguwar da aka tanadi wurin baƙi shida domin gida arba'in ba ta san da wannan ba. In kin haihu za a yi suna, ki sanar da ofishin ƙungiya tun da mako guda, ki karɓi katin baƙi in suna bayarwa. Ki aiki maigida, ko ki je da kanki, gidan dama da na hagu da na tsallake, ki ce ran Asabar muna da taro daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, ga lambar wayarmu, in wani ya tare muku hanya ku kira mu kafin ku kira janwe. Masu motoci da yawa a roƙe su su ajiye a filin masallaci in an ba da izini, a riƙa ɗebo su da mota ɗaya ko biyu. A tsai da yaro ɗaya mai wayo a waje, aikinsa ke nan, ya hana a toshe ƙofar kowa, ya hana a tsaya kusa da famfon 'yan kwana-kwana ko inda aka shafa jan fenti a gefen titi. In an sauke abinci kuwa, a zuba masa da miyar taushe ko dambun nama a kwano mai kyau a kai wa gidajen nan uku tun da zafinsa, a gaya musu abin da ke ciki, gama waɗansunsu ba sa cin gyaɗa, tana sa musu ciwo.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen wankin atamfa da yadda a ke hana ta zuba. Wassalam.